Jaridar Kawu Sale a Doha

Zariya zuwa Doha

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na bar Zariya. Shinge uku muka wuce kafin Kano, daga nan jirgi ya bi da mu ta Alƙahira, sai washegari da hantsi na ga Doha. Kawu Sale, wan mahaifiyata, shi ya aiko mini da tikiti. Shekararsa talatin yana tuƙa wani Balarabe, tsufa ya zo, amma gidan sun ƙi rabuwa da shi.

"Malamin Turanci, ka rame! Yalla, maza shiga mota," in ji shi.

Mu'aither

Minti arba'in muka yi zuwa ɗakinsa a unguwar Mu'aither. Ko shinkafar da ya zuba mini ban gama ba ya sauko da wani gilashi daga bango. Tsohuwar jarida ce a ciki, ta yi ja kamar ganyen taba.

"A kasuwar tsofaffin kaya na samo ta. Mai kantin, wani Ba'indiye, ya karanta mini: sojojin Mamman, masu sa kai. Ɗana, karanta mini labarin Baba."

Mamman shi ne kakana. Ya sa kai ya tafi yaƙin Bama zamanin Turawa, Kawu yana ƙarami, Inna mahaifiyata tana ciki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Na duba. Jaridar Amurka ce, ta haura shekara ɗari da hamsin. Kalmar kuwa Momon ce, sunan wata ɗariƙar Kirista, bakin Ba'indiye da kunnen Kawu suka mai da ita Mamman. Na ce idona ya gaji, sai gobe. Tsoro ne kawai.

Bakin teku

Washegari da la'asar ya kai ni bakin teku, tafiyar kilomita ashirin, ya sayo mana shayi mai madara. A nan na daure na faɗa masa. Na ce mutane ne da aka kora daga garuruwansu saboda addini, gwamnati kuma ta zo neman sojoji a cikinsu, suka bar mata da 'ya'ya a tantuna suka bi. Sauran shafin duk cacar bakin 'yan siyasa ce.

Ya ajiye kofinsa. Tausayinsa ya kama ni.

"Shekara shida ina gaishe da Kiristocin Amurka kowace safiya ke nan?"

Muka yi dariya har da hawaye. Can ya ce, "To, su sun koma wurin 'ya'yansu?"

"Yawancinsu sun koma, Kawu."

"Alhamdu lillahi. Khalas, shi ke nan, a bango za ta zauna."

Gida

Kwana tara na yi, na iso Zariya ranar Laraba da azahar, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Inna ta tare ni tun a zaure, ashe Kawu ya daɗe da yi mata albishir a waya.

"An ga sunan Baba?"

Na ce mata ta zauna tukuna.