Ƙwayar Barcin Ammachi Sosamma

Shekara ashirin da bakwai Avirachan ya yi yana haɗa magani cikin dare a gidan tsofaffin nan na bayan gari a Pala. Maƙwabta har suka gaji da gayyatarsa biki, don da rana gawa ta fi shi motsi. Matarsa Leelamma kan ce ita jemage ta aura. Shi ko a jikinsa.

Ƙarfe tara yake karɓar makulli, ya ajiye baƙin shayinsa, ya jawo katunan tsofaffi tamanin da ɗoriya. Maganin safe, na rana, na dare, kowanne a 'yar ambulan ɗinsa, da suna da rubutun hannu. Wanda ba ya iya haɗiya, ya niƙa masa a turmin tangaran, a zuba a kunun shinkafa. Yanzu duk an daina, mota ke kawo magani a ƙunshe daga Kottayam. Ya fi tsabta, babu musu, sai dai ƙunshi bai san kowa ba.

A wancan zamanin waya ɗaya ce a gidan, a jikin bango kusa da tagarsa. Ta haka ya san Sosamma, wadda ake kira Ammachi, wato kaka, tsohuwar malamar makaranta mai baki kamar reza. Kullum ƙarfe biyu da rabi sai ya ji takun silifas ɗinta, ta zo ta zauna a benci ta sa wayar nan a gaba. Ɗanta Jijo yana aikin jinya a Amurka, kuma idan zai kira, sai ya tashi daga aiki, daidai ukun darenmu. Wani lokaci sati biyu, wani lokaci wata guda, ba ya faɗin rana.

"Ammachi, ga shayi," Avirachan ya ce da ita wani dare.

"Wannan ruwan wankin tukunyar? Miƙo dai, ɗan nan, tunda ba ka da kunya."

Sai aka kawo sabuwar likita, yarinya mai ƙwazo. Ta karanta a rahoto cewa tsohuwa na yawon dare, ta rubuta mata ƙwayar barci. Avirachan ya ga katin. Canza abin da likita ta rubuta ba huruminsa ba ne, kuma bai taɓa yi ba. Da hannunsa ya sa ƙwayar a ambulan.

Kwana huɗu benci babu kowa. A na biyar waya ta yi ƙara, ya ɗauka ya ji Jijo ne. Ya ruga ɗakinta, shi da mai jinya suka yi ta girgiza ta, ko gezau. Ya dawo ya ce wa Jijo tana barci. Washegari da dare, yana shigowa ya tarar da ita a bakin taga. Ba ta zage shi ba, kuma wannan ya fi masa ciwo. Tambayarsa kawai ta yi yadda muryar yaron take.

Da gari ya waye bai tafi gida ba. Ya zauna a ƙofar ofishin likita har goma, ido jajur, masu aikin rana suna tambayar juna wane ne wannan baƙon.

"Likita, ba yawo take ba. Jira take."

Ya zayyana mata komai. Kunya ta rufe yarinyar, ta ja biro ta gyara: a ba da ƙwayar idan mai ita ta nema.

Sosamma ta koma bencinta. Dare goma sha tara tana zaune, damina na dukan kwano, tana kushe masa shayi tana shanyewa. A na ashirin waya ta buga. Minti huɗu suka yi, kuma duk abin da Avirachan ya ji ta ce shi ne, ka ci abinci, me ka ci, ka rame ko.

Ta ajiye wayar a hankali, ta daɗe hannunta na kai. Sannan ta matso taga ta miƙa tafin hannu.

"To, ɗan nan, yanzu ba ni ƙwayar taku. Yau ina da damar barci."