Na Je Karɓo Sunan Jikata

Talata

Ƙarfe biyar da rabi, bayan asuba, na bar gida. Matar ɗana na fari ta haihu ran Asabar, mace, shi kuwa wata biyu ke nan yana aikin riɗi a gonakin Ƙala'at an-Nahal. Suna ya matso, uba bai faɗi suna ba.

Lori ta tashi daga kasuwar Gadarif ƙarfe bakwai, maƙil da masu yankan riɗi: Habashawa, mutanen Kudu, da namu. A shinge sojoji suka sauke samari suna duba takardu. Ɗaya ya leƙo ni.

"Hajja, 'yar ina?"

"Nan aka haife ni, ɗana. Kakana ne ya taho hajji da ƙafa, bai ƙarasa ba."

"Ashe har yanzu kuna hanya!"

Da azahar na sauka a kambo, bukkokin ma'aikata. Wakilin gona ya ce, "Wa kike nema?"

Shekara talatin ban taɓa kiran sunan ɗan fari ba. Na ce, "Dogo ne, baƙi."

"Hajja, duk gonar nan dogaye ne baƙaƙe!"

Wata Bahabashiya mai shayi ta yi ta dariya, ta zaunar da ni, ta ba ni kisra, gurasarsu ta dawa. Can na tuna da fensirina na ajin manya. Na yagi kwalin shayi na rubuta sunan. Wakili ya karanta, ya aika a kira shi.

Sai la'asar ya zo, lauje a hannu, ya rame.

"Inna! Lafiya?"

Na gaya masa. Ya durƙusa ya daɗe bai ɗago ba.

"Ba zan iya zuwa ba, Inna. Riɗi ya nuna, in ya ƙara kwana uku zubewa zai yi. Mu huɗu muka kama filin."

"To, faɗi sunan."

Ya sunkuyar da kai. Ya karɓi fensirin, ya rubuta a kwalin, a ƙarƙashin nasa sunan. Na duba: sunana ne.

Laraba

A bukkar mai shayi na kwana. Kafin in fito sun shiga gona, ban ƙara ganinsa ba. Lorin dawa ta sauke ni Gadarif ƙarfe uku. Na gode Allah, na gode wa baiwar Allah da ta ba ni tabarmarta. Kwalin yana ƙarƙashin matashin jaririya, sai ubanta ya dawo.