Ranar da aka rage wa keken maigida tsawo

Da ɓarin jikin maigidana ya shanye, garkarmu ta zogale tana Jiratawa, mu muna unguwar Zariya. Ruwan ban garka bi da bi ake ba da shi, in ba ka nan a wuce ka. Kuɗin mashin ɗin kabu-kabu kullum ya fi ƙarfinmu. Na ce keken nan nasa da ke jingine a zaure ni zan hau, mai magana ya yi ta yi.

Sai dai shi dogo ne, ni gajera. In na zauna bisa sirdi ƙafata ba ta kai ƙasa, rairayin hanya kuwa ba ya jira ka shirya. Na faɗi har na daina kakkaɓe zane.

Mai gyaran keke na bakin kasuwa ya ce sai an canza gangar keken da ƙarama, a sa ƙananan ƙafafu masu faɗin taya don kada su nutse. Amma shi ba ya auna matar mutum, in kawo awon daga gida. Ya kuma ce in an yi haka, dogo ba ya ƙara hawansa.

Na daɗe ban faɗa wa maigida ba. Kowace safiya maigida yana kama bango yana jan ƙafa, yana cewa kafin damina zai hau abinsa. Ni da ban taɓa tauna magana ba, na tsaya ina kame-kame. Da na faɗa, na faɗa da faɗa, na ce zogale ba ya shan alkawari.

Can ya ce in kawo igiyar shanya. Na tsaya gabansa, ya auna ni da hannunsa mai rai daga ƙasa zuwa ƙugu, ya ɗaure ƙulli da haƙori.

"Ki ce wa mai gyaran kada ya wuce nan. Tayar baya ta fi kauri, nan kaya ke zama."

Da aka haɗa, ya sa na zagaya tsakar gida yana kallo daga tabarma.

"Uwar gida, a sauke sirdin kaɗan. Sauran ya yi."

Zogale ya sha ruwa a shekarar. Shi kuwa tun daga ranar bai sake kama bango ba. Na yi lallashi, na yi zagi, sai ya ce in tafi kada a wuce mu.