Baƙin Garin Injiniya

Shekara ashirin da shida Baba Mai Launi ya yi a masana'antar kujerun roba, aikinsa ɗaya: gauraya launi da ƙwayoyin roba kafin a narka su. Bai damu da takardar awo ba. Yakan dai murza abu tsakanin yatsu, ya saurari kukan inji.

Sai ga sabuwar Injiniya da gwangwani uku na wani baƙin gari. Ta ce zaren kabon ne, siririn da ido ba ya iya ganin ɗaya. In ya ratsa roba, kujera za ta yi ƙarfi ba tare da ta ci roba mai yawa ba, kowa ya iya saye.

Gwangwani biyu suka tafi a banza. Ƙafafun kujerun sai karyewa suke. Mai masana'anta ya ce in na ukun ya ƙi, an rufe maganar, ita ma ta nemi wani wurin.

Baba ya ɗauki karyayyar ƙafa, ya ga garin a dunƙule daidai bakin karayar.

"'Yata, gaba ɗaya kike juye shi?"

"Haka takarda ta ce, Baba."

"Takardar nan ta taɓa haɗa shuɗi? Shi ma haka yake, ya fi son 'yan'uwansa. Sai an raba su da lallashi."

Ya ce a fara cuɗa garin da roba kaɗan, a bi da shi ta inji sau uku, a yayyanka, sannan a haɗa da sauran.

"Sau uku zai kakkarya zaren," in ji ta. "Biyu. Kuma sa takunkumi, wannan ba shuɗi ba ne."

Ya sa, bai yi musu ba. Haka suka cuɗa gwangwani na uku, sabuwar kujera ta fito.

A masana'antar, kujera ba ta zama kujera sai wani ƙaton direbansu da ake kira Giwa ya zauna a kanta, ya kishingiɗa kan ƙafafun baya.

"Injiniya, in na faɗi ke za ki ɗaga ni!" in ji Giwa.

Ya zauna, ya kishingiɗa, ya girgiza. Mai masana'anta ya ce ya ƙara. Ya ƙara har ya yi gumi, kujera na nan.

Injiniya ta waiga neman Baba, ta hango shi a bakin famfo yana wanke hannu.

"Baba, ko kallo ba ka yi ba!"

"Ai na ji ta tun tana cikin inji," in ji shi. "Ki sa a kawo gwangwani na huɗu."