Dokin da Na Saya wa Baba

A shekarar da ƙafafun mahaifina suka kumbura, rasa Juma'a ya fi ciwon damunsa. Masallacin yana garin hakimi, tafiyar hantsi guda daga ƙauyenmu, kuma tun yana saurayi bai taɓa fashi ba. Na kawo masa jaki, ya harare ni, ya ce mutumin da ya yi shekara talatin yana kiwon dawakin dagaci ba zai shiga gari ƙafarsa na jan ƙasa ba. Taurin kai a gidanmu gado ne, nima ban tsira ba.

Da kaka na sayar da bajiminmu da audugar da muka noma, na sami wasu fataken Barebari da suka sauka a Dawanau, na sayo wani ɗan doki ja mai farin goshi. Ba a taɓa ɗora masa sirdi ba. Horarre ya fi ƙarfina.

Aka tallabo Baba zuwa ƙofar gida. Ya duba haƙoran dokin, ya shafa ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ka iya zaɓe, amma yaro ne. Wata uku ba linzami, ragama kawai. Ka riƙa jan sa cikin rairayin kogin Watari safe da yamma, har ya gaji ya san muryarka. Kanwa ma a tafin hannunka zai lasa."

Wata ɗaya na yi ina bin maganarsa. Kullum na dawo sai in tarar kumburin ya ƙara hawa, har ya wuce gwiwa. Tsoro ya kama ni, haƙurina ya ƙare. Na je wurin maƙeri na karɓo linzami irin na mayaƙa, mai zoben da ke kama haɓa da ƙarfen da ke danne harshe. Ban gaya wa kowa ba.

A bakin kogi na cusa wa dokin shi a baki, na ɗaura sirdi na haye. Ya yi tsalle, ya miƙe a kan ƙafafun baya, ni kuwa na fizgi linzamin da iya ƙarfina har sau uku. Sai ya tsaya cak, jikinsa na ɓari, jar kumfa na zuba daga bakinsa. Allah ya yafe mini, daɗi na ji a lokacin.

Kwana biyu bai taɓa harawa ba, na ce fushi ne. Ranar Alhamis na jawo shi gaban Baba da sirdinsa, ina taƙama. Baba ya ga ƙudaje sun yanyame bakin, ya sa hannu ya buɗe. Harshen ya tsage kusan rabi. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ya ce, "Kwance masa sirdin nan."

Na ce, "Baba, gobe fa Juma'a."

"Na sani. Da wane bakin zan ja shi? In hau dabba tana zubar da jini, in je in tsaya gaban Ubangiji?"

Ya sa na riƙa wanke bakin da ruwan bagaruwa, ina dama masa dusa ruwa-ruwa ina ba shi a ƙwarya. Juma'a biyar Baba yana zaune a kan tabarma, masu wucewa masallaci suna gaishe shi, yana ce musu su sa shi a addu'a. Bai ƙara ta da maganar ba, ni kuma ban ƙara iya haɗa ido da shi ba.

Ya rasu wata Laraba da hantsi, harshen dokin bai daɗe da haɗewa ba. Akwai ƙanwarsa da ke aure bayan Ungogo, dole a sanar da ita kafin a kai shi. Na sa wa dokin ragama na hau. Ya ɗauke ni a natse, ba tsalle ba gardama, irin tafiyar da ko tsoho mai ciwon ƙafa zai iya zama a kai. Ina kuka har na isa ƙofar gidanta.