Yaɓen da Ya Ɓoye Tabon Ruwa

Shekarun baya, ina sabon shiga ajin yaƙi da jahilci, wasu ɗalibai daga Aliero suka zo unguwarmu ta Sabon Gari a Jega. Suka ce suna koya wa kwamfuta gane lungunan da ambaliya ta fi ci. Za su ɗauki hoton bangon gidaje, domin tabon da ruwa ya bari shi zai nuna mata inda yake kaiwa. Lungun da ta sa wa ja a taswira, nan za a fara gyaran magudana.

Mu kuwa duk damina ruwa har zaure yake shiga, inda nake ajiye albasa. Ya taɓa ruɓar mini da rabin kaya.

Da mahaifiyata ta ji, ta ce, "Baƙi za su taho su ɗauki hoto, ka bar bango awa na kango? Mi za a ce muna?"

Na ce, "Inna, tabon suke nema."

Ta ce, "Su nema gidan wani."

Na kwaɓa ƙasa na yi yaɓe. Maƙwabta suka gani, kowa ya kwaɓa tasa, don ba mai son a ce gidansa ya fi muni. Ranar da ɗaliban suka dawo, lungunmu tsaf kamar ana jiran biki.

Da aka kawo taswirar ƙofar mai unguwa, na kutsa gaba don a ga na fara karatu. Na haɗa baƙaƙen da ke ƙarƙashin lungunmu a hankali: "Ba hatsari." Har na yi murmushi. Abokina na Maiyama, da muke fataucin albasa tare, ya ce, "Malam mai boko, karatu ya yi daidai. Saura ka je ka karanta wa ruwan."

Na hau mota zuwa Aliero, na sami shugabar ɗaliban na faɗa mata yaɓen da muka yi. Ta yi dariya, ta ce, "Baba, ita abin da aka nuna mata take koyo. Bangon amarya kuka nuna mata."

Ta ce in jira damina. Na jira. Duk ruwan da aka yi, sai in tsaya a lungu da taɓarya a tsaye, maƙwabcina ya ɗauki hoton inda ruwa ya kai mata, mu aika. Bayan damina lungunmu ya koma ja. Ban taɓa ganin mutane suna yi wa juna barka don an ce suna cikin hatsari ba sai ranar.

Gyaran ya zo, amma bayan na sauran unguwanni. Damina guda muka ƙara sha saboda yaɓen nan, albasata kuwa a gidan surukina ta yi daminar.

Rufin asiri abu ne mai kyau, da shi aka raine mu. Sai dai yanzu in an zo tambayar halin da muke ciki don a taimaka, nakan bar bango yadda yake. Zaurena a bushe yake, albasa tana ciki.