Gangaren Ƙofar Shagona

Gaskiya zan faɗa, ba tsoron Allah ne ya sa na yi gangaren nan ba, kasuwa nake nema. Shagon abincina yana kusa da tashar jirgi a Kafanchan, kuma saboda ruwan damina, matakala uku ake hawa kafin a shiga. Wata Lahadi a zumuntar mata ta coci na ji cewa ƙungiyar masu keken guragu suna neman inda za su riƙa cin abinci bayan taronsu na wata-wata. Na ce a raina, to, gwatena, faten nan da nake sayarwa, ya samu masu sha.

Ina da kwastoma irinsu guda ɗaya, wani dattijo Ibo da muke kira Baba, tsohon ma'aikacin reluwe, da ciwon suga ya raba shi da ƙafa. Shekara shida yana cin abincina a waje, kwano a cinya. Abokansa na ciki suna gardamar ƙwallo, shi yana jefa baki ta taga. Ni kuwa ban taɓa ganin laifin hakan ba.

Na kira birkila ya zuba siminti a kan matakalar. Ya zuba, ya goge shi sumul har yana ƙyalli. Na sa aka rubuta ƙaton allo, "Kowa da kowa shigo." Na gayyaci shugaban ƙungiyar, na ce Baba ne zai fara hawa.

Baba ya kalli gangaren, ya kalle ni. "Madam, wannan hanya ne ko dutsen Kagoro?"

"Haba Baba, bar wasa, mutane suna kallo."

'Yan acaɓa biyu suka tura shi, suna nishi kamar masu ɗora buhun citta a mota. Sun kai sama, sai taya ta maƙale a firjin da ke bayan ƙofa. Su kuma sarakunan wayo, duka biyun suka saki keken don su matsar da firji. Yesu! Sai ga Baba yana komawa da baya a guje, yana zagina da Ibo da Turanci, har ya tsaya cikin tiren mai lemu. Bai ji ciwo ba, lemu ne suka watse har bakin titi. Shugaban ƙungiya ya juya kekensa ya tafi, ko sai anjima babu.

Mako biyu Baba bai zo ba. Ƙungiyar ma na manta da ita, rashinsa ne ya dame ni. Na zuba gwate a kula na same shi a kwatas ɗin reluwe.

Sai da ya shanye tas kafin ya yi magana. "Shekara talatin ina gyaran layin dogo. Jirgi da ƙarfinsa ba ya hawa irin wannan abu. Kin tambaya birkila, kin tambaya mai fenti. Ni da zan hau fa?"

Na ce ya yafe mini, ya zo ya nuna mana.

Ai kuwa ya zo, da igiya da sanda, ya zama fomanmu mai duba aiki. Ya sa aka fasa komai. Sabon gangaren ya bi jikin bango, dogo, a kwance, aka kuma ja tsintsiya a kan ɗanyen siminti don kada taya ta zame. Birkila yana ta ƙunƙuni wai an ɓata masa aiki, na ce ya rufe mini baki ya kwaɓa. Firji kuma ya koma kicin.

Ranar da simintin ya bushe, wani ya miƙa hannu zai tura shi, Baba ya doke hannun. Shi kaɗai ya murza tayoyinsa har ciki. Abokansa suka janye benci. Ya daɗe yana kallon bango, da silin, da tsohuwar fankata.

"Ashe haka cikin yake," in ji shi.

Kunya ta rufe ni, hawaye suka zubo mini a gaban kowa. Shi ko a jikinsa, ya buga tebur. "Madam, kuka na mene ne? Kawo abinci, a nan zan ci."